Bel ɗin Inji da Ruwan Famfo



Sa'ad da aka aiko mana da takardar gayyata, aka ce mu yi magana a kan ruwan sha, mun san abin da yawancinku kuka zaci za ku ji. Kun zaci za a yi zancen madatsun ruwa, da manyan kwangiloli, da rancen Bankin Duniya. To, sai ku yi mana gafara, domin abin da muka zo da shi yau bai kai nan ba. Wata baƙar igiya ce ta roba, wadda yaro ƙarami zai iya ratayawa a kafaɗa ya yi gudu da ita, makanikai kuwa suna kiranta bel. Babu wanda bai san bel ba a cikin ɗakin nan. Wanda bai gan shi a injin niƙan unguwarsu ba ya gan shi a keken tela, wanda kuwa bai lura da shi can ba, lalle ya taɓa yini a bakin hanya saboda fambel ɗin mota ya tsinke. Masu iya magana sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, kuma nufinmu mu nuna muku yadda wannan ɗan haki yake tsone idon matatar ruwa, ya ci mata wuta, ya ci mata kuɗi, wani lokaci har ya hana unguwa guda ruwa.

Bari mu fara da nauyin ruwa, abin da duk macen da ta taɓa ɗauko tulu daga rafi ba ta bukatar a yi mata bayaninsa. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, lita 1,000 kuwa tan guda. Tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka fara turo ruwa daga Calawa zuwa cikin birni, kuma tun daga ran nan zuwa yau aikin bai sake ba: a ɗebo ruwa daga ƙasa, a tsarkake shi, a tura shi sama. Sabuwar matatar Tamburawa an gina ta ne domin ta tace lita miliyan 150 a rana, watau tan 150,000 na ruwa. Haka abin yake a Malali ta Kaduna, da Ajiwa ta Katsina, da Gubi ta Bauci, da Gudel ta birnin Yamai. Ruwa ba ya hawa tudu don kansa, sai an tura shi. 'Yan ajin kimiyya za su iya lissafawa tun kafin mu rufe baki: ɗaga tan ɗaya na ruwa zuwa bisan mita 100 yana cin kusan kashi 27 cikin ɗari na yunit ɗaya na wuta, in da a ce ba a asarar kome. Yunit kuwa shi ne kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya, shi ne abin da mita take ƙirgawa a gidajenmu. Amma da yake babu injin da ba ya asara, abin yakan tasam ma kashi 40 cikin ɗari na yunit. Ku riƙe wannan adadi, za mu komo gare shi.

Saboda haka matatar ruwa, ko'ina take a duniya, babbar maciyar wuta ce. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2014 harkar ruwa ta ci kashi 4 cikin ɗari na dukan lantarkin da aka yi amfani da shi a duniya. Hukumar Kare Muhalli ta Amurka kuma ta ce kuɗin wuta yakan kai kashi 40 cikin ɗari na abin da ake kashewa wajen tafiyar da matatar ruwan sha. Wannan fa a ƙasar da wuta ba ta yankewa ke nan. A wurinmu, inda sau da yawa sai an ta da janareta an sha dizal, ku da kanku kun san yadda lissafin zai kasance.

Mai juya kome a matata shi ne injin nan mai aiki da lantarki wanda makanikai ke kira moto. Shi moto juyi kawai ya iya, ba ya ɗiban ruwa, ba ya hura iska. Dole a sami hanyar da za a kai juyinsa ga famfo ko ga wani injin da zai yi aikin. Hanya ɗaya ita ce a haɗa sandar moto da ta famfo baki da baki, kuma gaskiya ita ce yawancin manyan famfunan da ke tura ruwa cikin gari haka ake haɗa su, babu ruwansu da bel. Kada wani injiniya a cikinku ya tashi ya ce mun yi ƙari. Hanya ta biyu ita ce a sa wa kowace sanda ƙarfe mai kewaye, wanda ake kira fuli, a ɗaura bel tsakaninsu. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ce wajen sulusin motocin da ke aiki a masana'antu da manyan gine-gine da bel suke juya kayansu. A matatar ruwa za ka iske bel a jikin injin hura iska, da injin matsa iska, da wasu injunan gauraya magani, da famfunan kwashe laka, da fankokin fitar da zafi, sa'an nan ga uban gayya, bel ɗin da ke juya fankar janareta. In wannan na ƙarshe ya tsinke, inji ya ɗau zafi ya tsaya, to, manyan famfunan nan da muka ce babu ruwansu da bel su ma sun tsaya.

Bel ɗin da aka fi sani, mai faɗin baya da tsukakken ciki, wani mutum ne mai suna John Gates ya ƙirƙiro shi a birnin Denba ta Amurka a shekarar 1917. Kafin nan bel na fata ake yi, shimfiɗaɗɗe, ko igiya. Hikimar da ke cikin nasa ita ce, an yi wa fuli kwari mai kama da bakin gatari, shi kuma bel yana cusa kansa a ciki, gefunansa biyu su kama bangon kwarin. Gwargwadon yadda aka ja shi, gwargwadon yadda yake ƙara shigewa yana ƙara kamawa. Ku lura da kyau, da gefe yake kamu, cikinsa bai kamata ya taɓa gindin kwarin ba ko kaɗan. Ran da ya taɓa, ran nan kamu ya ƙare, sai santsi.

To, ina wutar take zurarewa? Kowane zagaye bel yana lanƙwashewa a kan fuli ya miƙe, ya sake lanƙwashewa a kan ɗayan ya sake miƙewa, sau ɗaruruwa a minti guda. Ka ɗauki waya ka yi ta tanƙwara ta, za ka ji ta yi zafi a hannunka, haka roba take yi. Wannan asara ce da ba makawa, sai dai a rage ta. Babbar asara ita ce ta santsi. In bel ya saki, fulin moto yana juyawa sosai, shi kuwa bel yana zamewa a kansa, fulin famfo ba ya samun cikakken juyi. Abin da ya ɓace tsakani bai tafi ko'ina ba, ya zama zafi. Zafin nan kuma yana ƙona fuskar robar ta yi ƙyalli ta taurare, taurin ya ƙara santsi, santsin ya ƙara zafi. Ma'aikatar da muka ambata ta bayyana cewa sabon bel da aka ɗaura daidai yana isar da kashi 95 zuwa 98 cikin ɗari na ƙarfin moto, amma in aka bar shi ba a sake ɗame shi ba, yana iya zubar da har kashi 5 cikin ɗari a kan haka.

Wani zai ce, kashi biyar kawai? Bari mu yi lissafi irin na 'yan kasuwa. Mu ɗauka akwai moto mai jan kilowat 50, yana aiki awa 20 a rana. Yunit 1,000 ke nan kullum. Kashi 5 cikin ɗari na wannan shi ne yunit 50 a rana, yunit 18,250 a shekara. A watan Afrilu na 2024 hukumar da ke kula da farashin lantarki a Nijeriya ta ɗaga kuɗin yunit na rukunin A zuwa naira 225, daga baya aka ɗan sassauta. Mu sa shi a naira 200 domin sauƙin lissafi: naira miliyan uku da dubu ɗari shida da hamsin a shekara, a kan moto ɗaya, domin kawai a ɗumama roba. In da janareta ake yi, lita ɗaya ta dizal ba ta cika ba da fiye da yunit uku zuwa uku da rabi ba, watau an ƙone lita dubu biyar da 'yan kai zuwa dubu shida a banza. Yanzu ku tuno da adadin nan da muka ce ku riƙe. Yunit 50 ya isa ya ɗaga lita 125,000 zuwa bisan mita 100. Jarka 5,000 ke nan mai lita 25, irin wadda 'yan garuwa ke turawa a kura. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ganin mutum yana bukatar lita 50 zuwa 100 a rana domin sha da girki da wanka da wanki. In muka ɗauki ƙaramin adadin, ruwan mutum 2,500 ne yake tashi a iska kowace rana ta Allah, ba wanda ya gani, ba wanda ya sa hannu a takarda.

Akwai wani wuri a nan da ya kamata mu tsaya, domin a nan ne masu ɗan sani suke faɗawa rami, ƙaramin sani kuwa ƙuƙumi ne. Famfon da ke aiki da farfela mai juyawa, haka ma fanka, suna da wata ɗabi'a. In juyinsu ya ragu, ruwan da suke bayarwa yana raguwa daidai da juyin, ƙarfin turawarsu sama yana raguwa fiye da haka, wutar da suke ja kuwa tana raguwa fiye da duka. In juyi ya ragu da kashi 5 cikin ɗari, ƙarfin turi zai faɗi da wajen kashi 10, ƙarfin da famfon yake nema kuma da wajen kashi 14. Me wannan yake nufi? Yana nufin bel yana iya yin santsi, ma'aikaci ya dubi ma'aunin wuta ya ga allura ta sauko, ya yi murna, har ya rubuta wa na gaba da shi cewa an sami rangwame. Alhali kuwa ruwa ne ya ragu. Tankin da ake cikawa a awa takwas yanzu sai an yi awa goma, ko kuma ruwan ya kasa kai wa bakin tankin sam, mutanen da gidajensu ke kan tudu su wayi gari famfo yana huci. Saboda haka tambayar da ta dace a yi a matata ita ce, yunit nawa muka ci kafin muka fitar da lita dubu? Matatar da ba ta iya amsa wannan ba, ba ta san ko riba take yi ko asara ba, ko da kuwa tana da injiniyoyi goma.

Kuma asarar ba ta tsaya ga wuta ba. Kun san yadda ake tace ruwa: a zuba masa alif a gauraya, datti ya dunƙule ya kwanta, a bi da ruwan ta cikin yashi, sa'an nan a sa masa kulorin ya kashe ƙwayoyin cuta. Shi yashin nan yana toshewa, dole a riƙa wanke shi, galibi kullum ko bayan kwana biyu. Yadda ake yi a matatu da yawa shi ne a hura masa iska daga ƙasa, kamar yadda maƙeri ke yi da zugazugi, ƙwayoyin yashi su gogi juna laka ta saki, sa'an nan a turo ruwa ya kwashe ta. In bel ɗin injin hura iskar yana santsi, iska ba ta isa, yashi ba ya wankuwa. Laka ta dunƙule a ciki, matata ta riƙa toshewa da wuri, a yi ta ɓarnar tsarkakakken ruwa wajen wanki, kuma ruwan da ke fita ya zama da sauran gurɓata. Ruwa mai gurɓata kuwa kulorin ba ya cin ƙwayoyin cutar da ke cikinsa yadda ya kamata, domin suna samun mafaka a jikin dattin. Ran da aka rufe famfo kuma, jama'a ba za su daina shan ruwa ba, rijiya za su koma, da kududdufi. Ba mu manta da shekarar 2021 ba, lokacin da aka ba da rahoton mutum fiye da dubu ɗari da ake zaton sun kamu da amai da gudawa a Nijeriya, fiye da dubu uku suka riga mu gidan gaskiya, mafi yawansu a jihohinmu na Arewa. Ba mu ce bel ne ya jawo wannan ba. Amma duk abin da ya rage ruwa mai tsabta a gari, ya ƙara wa annoba ƙofa.

Yaya ake gane halin da bel yake ciki? Abin farin ciki shi ne yawancin aikin ba ya bukatar kome sai ido da kunne da littafi. Bel mai santsi yakan yi ƙara sa'ad da aka ta da inji, wani irin kuka mai tsini wanda duk direba ya sani. Yakan zubar da baƙin gari a ƙarƙashin murfinsa. Yakan yi warin ƙonanniyar roba. In aka kashe inji aka duba, za a ga gefensa yana ƙyalli kamar an shafa masa mai, ko cikinsa ya tsattsage. In ka ɗora hannu ka kasa daurewa saboda zafi, akwai magana. Sa'an nan a dubi fulin kansa, abin da mutane suka fi mantawa. Ƙarfe ne, amma roba da ƙura suna cinsa sannu a hankali, bangon kwarin ya rarake. In ka ga gindin kwarin yana walƙiya, bel ya kai ƙasa ke nan, kuma ko ka sa sabo kwana kaɗan zai yi. Akwai wani ɗan ma'auni na roba da ake sakawa a kwarin a ga yadda ya ci. In ratar ta kusa milimita ɗaya, fulin ya gama aiki.

Game da ɗauri, masu ƙera bel sun ba da ƙa'ida. A auna tsawon bel tsakanin fuli da fuli, a danna tsakiyarsa da wani ma'auni mai kama da alƙalami, har ya lotsa milimita 16 a kan kowace mita ɗaya ta tsawon, a karanta ƙarfin da aka sa, a gwada shi da wanda ke cikin takardar masu ƙerawa. Danna shi da babban yatsa a ce ya yi, wannan ba awo ba ne, domin yatsan Tanko ba na Audu ba ne. Akwai kuma wata na'urar zamani da ake kara wa kusa da bel, a ɗan buga shi kamar tsirkiyar garaya, ta saurari amonsa ta faɗi ɗaurinsa. Duk mai kiɗan molo ya san asirin, tsirkiya in ta saki muryarta takan yi ƙasa. Kada kuma a ce tun da saki ne laifi, bari a ɗame shi tamau. Bel ɗin da aka ɗame fiye da kima yana jan sandar moto gefe guda, ya kashe boris, boris kuwa in ya mutu yakan tafi da moton.

Hanyar da muka fi so, wadda muke roƙon ɗaliban injiniya su koya kafin su fita, ita ce awon juyi. Ana da ɗan ma'auni na hannu mai haska fitila a jikin sanda ya faɗi sau nawa take juyawa a minti. Mu ce moto yana juyi 1,470 a minti, fulinsa milimita 200 ne, na injin da yake ja kuwa 400. Lissafi ya ce injin ya yi 735. In ka auna ka sami 725, lafiya lau, kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari ɗabi'ar roba ce. In ka sami 700, kusan kashi 5 ke nan, kuɗi na zuba. Aikin minti biyar ne, ba a ma kashe inji. Sai saiti: in fulin nan biyu ba su kan layi ɗaya, bel yana shiga kwari a karkace, gefe ɗaya ya cinye. Masu ƙerawa ba su yarda karkatar ta wuce rabin digiri ba. Akwai na'ura mai hasken lesa domin wannan, amma zare mai ƙarfi da aka ja a fuskar fulin biyu, in ya taɓa wuri huɗu, ya ba da amsa.

Wata rana mun kai ziyara wata matata a wani gari, ba sai mun faɗi suna ba. Muka iske injin hura iska mai kwari huɗu, amma bel uku ne a kai, biyu tsofaffi suna rawa, ɗaya sabo ya ɗame shi kaɗai yana ɗauke da kayan duka. Mai kula da injin wani dattijo ne da ya yi shekaru a wurin. Muka ce, "Baba, ina na huɗun?" Ya yi murmushi ya ce, "'Ya'yana, yana cikin fayil." Ashe ya rubuta takardar neman saiti guda tun kafin damina, takarda ta tafi ofis ba ta komo ba, shi ne ya cire kuɗi daga aljihunsa ya sayo ɗaya a kasuwa. Ya san sarai cewa ba a haɗa sabon bel da tsoho, domin tsohon ya riga ya miƙe, sabon ne zai ɗau nauyin har ya tsinke. Ya san ba a tura bel kan fuli da sukundireba, sassauta moto ake yi a matso da shi, domin ɓamɓara yana tsinka zaren da ke cikin robar tun kafin ta fara aiki. Ya san sabon bel yana miƙewa a kwana ɗaya ko biyu na farko, dole a komo a sake ɗame shi. Har ya ba mu labarin wani da ya ba shi shawara ya shafa wa bel ɗin ƙaro domin ya daina kuka, ya ce masa kukan zai daina, cutar tana nan. Babu abin da za mu koya wa wannan dattijo. Abin da ya rasa yana kan teburin wani mai digiri, watakila tsohon ɗalibin wata jami'a irin tamu.

Wannan ne ya sa muka yi murna da ganin ma'aikatan gwamnati a cikin taron nan. Kai da ke ofishin kuɗi, ko sito, ko sashen saye-saye, wata rana takarda za ta zo gabanka tana neman bel huɗu. Za ka gan ta ƙarama a tsakanin takardun miliyoyi, ka tura ta ƙasan tire. Ka tuna da yunit hamsin ɗin nan. Mun saba da ɗoki a kan sabon aiki, domin shi ake yanka wa ƙyalle a kira 'yan jarida, gyara kuwa ba shi da biki. In an zo rage kasafin kuɗi, kason gyara ake fara yanka. In kuma an yarda a saya, sai a ce a nemo mafi araha, a kawo jabu mai tambarin ƙarya wanda ba zai yi wata biyu ba, an manta araha ba ta ado. Ajiya ma tana da nata hukunci. Ba a fafe gora ranar tafiya, ya kamata kowane inji yana da saitinsa a sito, amma roba ba ta son rana, ba ta son zafi, ba ta son mai. Bel ɗin da aka rataye a ƙusa ƙarƙashin kwanon rufi shekara da shekaru ya tsufa tun bai ga fuli ba.

Ƙasarmu kuma tana da nata ƙarin nauyi wanda littattafan da aka rubuta a Turai ba su cika damuwa da shi ba. Masu ƙera bel suna cewa ƙarin digiri 10 a zafin jikinsa yana iya rage kwanansa da rabi. To, ku auna ɗakin inji mai rufin kwano a watan Afrilu, lokacin da zafin waje kansa yake haura digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram. Hunturu kuma ya zo da ƙurarsa mai laushi, ta shiga tsakanin roba da ƙarfe ta yi ta gurza. Saboda haka in takardar masu inji ta ce a duba bayan wata uku, mu a nan hankali ya ce a duba tun kafin nan, kuma murfin bel ya zama mai raga domin iska ta ratsa.

Akwai bel iri biyu da suka fi na gargajiya tsimin wuta. Na farko shi ne mai tsaga-tsaga a ciki, wanda yake lanƙwashewa cikin sauƙi, bai cika zafi ba, yana hawa kan fulin da ake da shi ba tare da an sake kome ba, kuma yana ƙara wajen kashi 2 cikin ɗari. A ganinmu wannan shi ne sauyin da ya fi dacewa da yawancin matatunmu. Na biyu shi ne mai haƙora, wanda yake cizon fuli mai haƙora kamar sarƙar keke. Ba ya santsi ko kaɗan, yana riƙe kashi 98 cikin ɗari, amma sai an sake fuli, yana da ƙara, ba ya yafe karkata, kuma in inji ya cije ba zai zame ya cece shi ba. Dabarar nan ta farfela ma tana nan tana jira: in ka kawar da santsi, fanka ko famfo ya ƙara juyi, wutar da yake ja ta hau. In ba a bukatar ƙarin ruwan ko iskar, sai a zaɓi girman fuli da zai mai da juyin inda ake so, in ba haka ba a kashe kuɗi a sayo ƙarin kuɗin wuta.

A manyan matatu na ƙasashen da suka ci gaba, yanzu ana manna wa injuna ƙananan na'urori masu jin girgiza da zafi da juyi, suna aika rahoto ta iska zuwa kwamfuta dare da rana, ta yi gargaɗi tun bel bai fara kuka ba. Akwai kyamara mai ganin zafi, wadda in ka haska fuli za ta nuna maka wanda ya fi 'yan'uwansa ɗumi. Har ana iya gane lalacewar bel daga yadda wutar da moto ke ja take rawa. Abubuwa ne masu kyau, kuma muna fata waɗansunku su ƙera irinsu a nan gida, domin ba su fi ƙarfin ɗalibin shekarar ƙarshe ba. Sai dai na'ura gargaɗi kawai take yi, ba ta riƙe sifana. In gargaɗin zai je ya kwanta a fayil ɗin da takardar dattijon nan ta kwanta, gara a fara da littafi mai bango: kwanan wata, lambar inji, juyin moto, juyin famfo, ɗauri, abin da ido ya gani, da sunan wanda ya duba. Bayan wata shida littafin da kansa zai nuna wane inji ne ke cin bel, a bincika dalili.

Abu ɗaya ya rage, kuma da shi ba a wasa. Ba a taɓa bel sai an kashe inji, an kulle makunnin da kwaɗo, mabuɗin yana aljihun mai gyara, domin kada wani ya zo daga baya ya kunna. Ba a barin inji yana aiki babu murfi. Mu mutane ne masu son babbar riga da mayafi, kuma kusan kowane gari yana da labarin wanda injin niƙa ya kama wa gefen tufa. Ɗalibin da za a tura koyon aiki a matata ya bar malum-malum a gida, ya sa kayan aiki, ya naɗe hannun riga.

Ga waɗanda ke neman abin da za su yi bincike a kansa na kammala karatu, ga shi a ƙofar gida. Ku nemi izini a matatar da ta fi kusa da ku, ku ari ma'aunin juyi daga sashenku, ku ƙirga injunan da ke da bel, ku auna santsin kowanne, ku yi lissafin nan da muka yi da farashin wutar da matatar take biya, ku ba manajan kwafe guda, ku kawo wa wannan mujalla guda. Shugaban taro, mun ga ana yi mana nuni da agogo.